Facin sabon gyara a tsohuwar Linux

A Tamanrasset, kusan kilomita 2,000 kudu da Aljas, ba ma saurin jefar da na'ura. Sabar da nake kula da ita ta tsufa, amma tana ɗauke da kwamfutocin gaibu uku a cikinta, kowace da aikinta, ta hanyar KVM da ke cikin ƙwayar Linux. Ya kamata a ce katanga ta raba su.

A watan Agustan 2018 aka bayyana wata kafa a na'urorin sarrafawa na Intel, mai suna L1TF, wadda za ta bar kwamfutar gaibu ɗaya ta leƙa sirrin maƙwabciyarta. An toshe ta a sabuwar ƙwaya. To, mu masu tsohuwa fa?

Nan aikin su Greg Kroah-Hartman, masu kula da tsoffin ƙwayoyin Linux, ya shigo: a ɗauko gyaran, a mayar da shi baya zuwa ƙwayoyi masu lamba 4.14 da 4.9. Aikin yana da wuya. Kamar sabon ƙarfe ne a tsohuwar Land Cruiser, sai an goge shi kafin ya zauna, kuma wani gyaran ba ya tsayawa sai an janyo na gabansa. Wallahi ina girmama masu wannan haƙurin. An daina kula da 4.9 a Janairun 2023, dole na ɗaga ƙwayar tawa.