Yadda Ake Auna Sahun Danƙo da Hasken Eksire

Duk wanda ya tashi a birnin Sakkwato ya san danƙon harbi, wanda yara ke farautar tsuntsaye da shi. In mutum ya ja shi da sauri ya ɗora a leɓensa, zai ji ya yi ɗumi. Wani Bature mai suna John Gough ya bayyana haka tun cikin 1805, amma sai a ƙarni na 20 aka ga abin da ke gudana a ciki.

Danƙon da ake nufi a nan shi ne na itacen roba da ake tatsa a kudancin Nijeriya, musamman wajejen Binin, ba na gamji ba. Masana sun nuna cewa dogayen zaruruwa ne da ido ba ya gani, a cukurkuɗe. Idan aka ja shi ya kai kamar ninki 4 na tsawonsa, sai wasu zaruruwan su miƙe su jeru, kamar sahun masallata. Wannan jeruwa ita muka kira sahu, don dai Hausa ba ta tanadi suna ba tukuna.

A 1925 ne J. R. Katz, mutumin Holan, ya haska danƙo da eksire, wato hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Danƙon da ba a ja ba ya ba da zobe mai dishi-dishi, kamar sansanin da wata kan kafa. Da aka ja shi kuwa, sai ɗige-ɗige masu haske suka bayyana. To, a nan awon yake: zoben na zaruruwan da ke cukurkuɗe ne, ɗigon kuma na waɗanda suka yi sahu. Ana auna ƙarfin kowanne, a raba na ɗigon da jimlar duka biyun. Aikin da wuya, domin ɗigon bisa zoben yake zaune, tilas a rarrabe su. Abin mamaki, kome ja, mafi yawan zaruruwan ba su shiga sahu.

Wannan ɗan sahun ne ke tare tsaga. A bakin tsagar danƙo ya fi jawuwa, nan take sai ya yi sahu ya hana ta ci gaba. Shi ya sa ake yin tayun manyan motoci da na jiragen sama da danƙon itace. Sai dai zafi na rushe sahun, abin da ya shafi direban da ya ɗauko kaya daga Gusau zuwa Sakkwato da tsakar ranar bazara.