GWAMNATIN ƘOFAR GIDA: 'YAR'UWA, KIN SAN KANSILANKI KUWA?

 Yau kam za mu ɗan jingine zancen lalle da anko da wasiƙun masoya, mu taɓa wata magana da mafi yawanmu ke ɗauka ta maza ce, alhali kuwa mu ne muka fi kowa ɗanɗana kuɗarta. Maganar ƙaramar hukuma ke nan. Zan yi misali da Tudun Wadar Zariya, amma ke da kike Funtuwa ko Gusau ko wani ɗan ƙauye, ki sa sunan unguwarku a gurbin, duk kanwar ja ce.

Tsakani da Allah, in aka tambaye ki sunan tauraron littafin da kika karanta jiya, da irin motarsa, ai ba za ki yi gargada ba. To, in aka ce wane ne kansilan mazaɓarku fa? Nan ne za a ga an fara sosa ƙeya. Alhali shi wancan tauraron a takarda yake, shi kuwa kansila da sunanki yake zama a majalisa.

Wa ke kwashe ruwa daga tsakar gida in kwata ta toshe da damina? Wa ke raya dare tana fifita in sauro ya sa wa ƙaninta zazzaɓi? Wa ke makara a makaranta saboda layin rijiyar burtsatse? Mu ne dai mata. Shi ya sa Hausawa suka ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

MECE CE ƘARAMAR HUKUMA?

Gwamnati a Nijeriya hawa uku ce: ta tarayya, ta jiha, sai ƙaramar hukuma. A da, En'e ce ke riƙe da gari a ƙarƙashin sarakuna. A shekarar 1976 aka yi gyaran da ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa guda 774, kuma 23 daga ciki a Jihar Kaduna suke.

Tudun Wada mazaɓa ce a cikin Ƙaramar Hukumar Zariya, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum sama da 400,000. Unguwa ce da ta tashi a wajen ganuwar birni tun zamanin Turawa, inda baƙi 'yan Arewa suka zauna, kamar yadda baƙi daga Kudu suka fi yawa a Sabon Gari. Sabon Garin nan kuwa yanzu ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta. Kada ki ɗauka Zariya birni ce kawai: mazaɓu irin su Dambo da Wucicciri da Dutsen Abba, inda ƙauyuka da gonaki suke, tukunya ɗaya suke ci da Tudun Wada da Gyallesu da Tukur-Tukur. Kowace mazaɓa tana zaɓen kansila ɗaya, dukkansu kuma su haɗu su zaɓi ciyaman.

Ayyukan da tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma sun haɗa da kwashe shara, gyaran magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi, kula da kasuwa da tasha da mayanka da maƙabarta da makewayin jama'a, da sa wa tituna suna. Tana kuma da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Ki sake karantawa a hankali, za ki ga kusan duk rayuwar mace ce ta yau da gobe.

Sai dai a san inda za a kai kuka. Ruwan famfo na hukumar ruwa ta jiha ne. Wutar lantarki ta kamfanin rarraba wuta ce. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya daɗe a Tudun Wada kafin ya koma Shika a 2005, na gwamnatin tarayya ne. Wadda ta kai ƙarar wuta wurin kansila ta yi aikin baban giwa, sai dai ya taya ta isar da saƙo. Haka kuma mai unguwa da dagaci da hakimi a ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Zazzau suke. Su iyayen ƙasa ne, su ke sulhu, su ke shaidar wane ɗan wane, amma kuɗin aiki ba a hannunsu yake ba.

INA KUƊIN SUKE SHIGA?

Kowane wata ana raba kuɗin asusun tarayya, ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin ɗari. Ga kuma kuɗin rumfa da na tasha da ake karɓa a hannun iyayenmu. Shekara da shekaru kason nan yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, ciyamomi a faɗin ƙasa suna kukan abin da ke iso su bai taka kara ya karya ba. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantoma. Bayan hukuncin an yi ta ja-in-ja a kan yadda za a aiwatar. Amma ko ta wace hanya kuɗin suka zo, in babu mai tambaya, to fa an bar kaza cikin gashinta.

WATA YARINYA DAGA MAKARANTAR TUDUN WADA

Wataƙila ki ce, ni wace ce da zan tambayi hukuma? To, saurari labarin Hajaratu. An haife ta a 1933, aka yi mata laƙabi da Gambo saboda ta biyo tagwaye. Ta yi karatu a firamaren En'e ta Tudun Wada, amma rasuwar mahaifinta a 1943 ta katse mata karatun. Tana da shekara 13 aka yi mata aure. Tana da 17 ta shiga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, a zamanin da mace a Arewa ko ƙuri'a ba ta da ita.

Wannan ita ce Hajiya Gambo Sawaba. Ta yi fafutikar a bar 'ya mace ta yi ilmi, a kuma ba ta 'yancin zaɓe. A kan haka ta sha duka, ta sha ɗauri har sau 16. Matan Arewa ba su fara jefa ƙuri'a ba sai a 1976, kuma kin san a wane zaɓe? A zaɓen ƙananan hukumomi! Ta rasu a watan Oktoba na 2001, Allah Ya jiƙanta. Babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. A 2019 kuma Dokta Hadiza Balarabe ta zama mace ta farko da aka zaɓa mataimakiyar gwamnan Jihar Kaduna. Ashe ƙofar da Gambo ta ƙwanƙwasa ta buɗu. To, abin da wata ta sha kurkuku a kansa, ya kamata a sayar da shi a kan sabulu da ƙullin taliya? Haba 'yar'uwa!

TO, ME ZA KI YI?

Na farko, ki san sunan mazaɓarku da kansilanku da mai unguwarku. Tambayi Baba ko Yaya yau ɗin nan.

Na biyu, ke ɗaliba, ki nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukumarki tun da wuri. Ana neman ta wajen shiga manyan makarantu da neman tallafin karatu da aikin gwamnati. Kada ki bari sai an sa ranar rufewa ki fara zarya a sakatariya. Ki duba kuma sunanki da ranar haihuwarki su yi daidai da na sauran takardunki, don harafi ɗaya kan jawo wahalar wata guda.

Na uku, in kin cika shekara 18, ki yi katin zaɓe a hukumar INEC. Zaɓen ciyaman da kansila hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, amma da wannan katin ake yi. Jihar Kaduna ce ma ta fara yin sa da na'ura a Nijeriya, a 2018. Mutane kan yi tururuwa a zaɓen shugaban ƙasa, su yi barci ranar na kansila, alhali a nan ne ƙuri'u kaɗan ke iya kayar da mutum.

Na huɗu, kada ki tafi ke kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga Islamiyya, ga ƙungiyar adashi, ga taron iyaye da malamai. Ku zaɓi matsala guda, misali kwatar layinku ko bolar da ke kusa da makaranta. Ke mai karatu ki rubuta wasiƙa cikin ladabi, ki sa kwanan wata da sunan layi, iyaye mata su sa hannu ko su dangwala. Da iznin iyaye ko maigida, a kai wa kansila ta hannun mai unguwa, ku riƙe kwafi. In an yi shiru, a sake tunatarwa. Maganar baki iska ke kwashewa, takarda kuwa tana nan.

Na biyar, mu ma mu gyara. Ledar da muka jefa a kwata ita ce ke dawo mana da ruwa cikin ɗaki. In bera da sata, daddawa ma da wari.

Wadda kuma abin ya shiga ranta sosai, ga sashen Kongo na Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa da Tudun Wada, inda ake koyar da ilmin tafiyar da ƙananan hukumomi har matakin digiri. Wa ya sani ko mai karanta wannan shafi ce ciyaman ta gobe?

Af, na kusa mantawa. In mutumin naki ya zo zance yana ta alkawarin Makka da Madina, ki ɗan tambaye shi ko ya fita aikin gayyar unguwarsu. Wanda bai damu da ƙofar gidan uwarsa ba, ki yi tunani a kan yadda zai riƙe taki.

Allah Ya ba mu shugabanni nagari, Ya sa mu zama masu amfani ga garuruwanmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.