Kakar kyaututtuka: Dalilin da manyan fina-finai ke fitowa a ƙarshen shekara, da waɗanda suka cancanci kallo a kakar 2025

Daga watan Satumba zuwa ƙarshen Disamba na kowace shekara, kamfanonin shirya fina-finai na Amurka da Turai kan fito da ayyukan da suka fi ji da su, ɗaya na bin ɗaya, har mai kallo ya rasa wanda zai kama. A 2025 ma haka abin ya kasance. Tun kafin Oktoban 2025 ya raba, an fara yayata sunayen waɗanda ake kyautata zaton za su lashe kyautar Oscar, alhali bikin sai ranar 15 ga Maris na 2026.

Ga ma'aikacin da ba shi da sarari sai daren Asabar, ko ɗan kasuwar da ke lissafin kuɗin data da na tikitin sinima, tambayar ita ce: a cikin wannan tulin, wanne ne ya cancanci kuɗinsa da lokacinsa, kuma wanne ne zai iya kallo tare da iyalinsa? Amsar tana farawa ne daga fahimtar yadda kasuwar take ci.

Me ya sa sai ƙarshen shekara?

Cibiyar da ke bayar da kyautar Oscar, wadda ta fara bikin a 1929, tana da mambobi sama da 10,000 daga cikin 'yan wasa da daraktoci da marubuta da masu ɗaukar hoto da sauran ma'aikatan masana'antar. Ƙa'idarta ita ce fim ba ya shiga takara sai an nuna shi a gidan sinima na tsawon kwana bakwai a jere, a ɗaya daga cikin manyan birane shida na Amurka, tsakanin 1 ga Janairu da 31 ga Disamba.

Masu jefa ƙuri'a kuwa a Janairu suke zaɓen 'yan takara. Don haka kamfanoni ke riƙe fim mai nauyi har zuwa kaka, domin ya kasance yana sabo a zukatan masu zaɓe lokacin da za su yanke hukunci. Fim ɗin da ya fito a Fabrairu yana iya shiga kwandon mantuwa kafin shekara ta zagayo.

Dalili na biyu na ciniki ne zalla. Amurkawa na da bikin godiya a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, sannan ga hutun Kirsimeti da na sabuwar shekara. A waɗannan makonni makarantu na rufe, iyalai na fita, gidajen sinima na cika. Shi ya sa kakar ke ɗauke da kaya iri biyu: fina-finan neman lambar yabo, da fina-finan neman kuɗin hutu. Wanda ya iya bambance su ya rage wa kansa asara.

Sai dai wannan al'ada ba doka ba ce. *Everything Everywhere All at Once* a Maris na 2022 ya fito, *Oppenheimer* kuma a Yulin 2023, kuma kowannensu ya zama gwarzon fim na shekararsa.

Inda ake fara auna kaya

Kafin fim ya isa ga jama'a, akan fara kai shi bukukuwan baje kolin fina-finai. Na Cannes a Faransa yana gudana a watan Mayu, na Venice a Italiya a ƙarshen Agusta, na Toronto a Kanada kuma a farkon Satumba. A nan masu sharhi da dillalan fina-finai ke fara gani, a nan kuma suna ke tashi ko ya faɗi.

Kyautar da 'yan kallo da kansu ke zaɓa a Toronto ta yi suna wajen nuna inda iska ta dosa. *Slumdog Millionaire* da *The King's Speech* da *12 Years a Slave* da *Green Book* da *Nomadland* duk sun fara lashe ta kafin su zama gwarzon fim a Oscar.

Bayan bukukuwan sai yaƙin neman zaɓe, wanda ba shi da maraba da na 'yan siyasa: tallace-tallace, liyafa, hira da 'yan jarida, da nuna fim kyauta ga masu ƙuri'a. *Anora*, wanda ya lashe kyaututtuka biyar a Maris na 2025, an shirya shi da kimanin dala miliyan 6, amma rahotanni sun ce abin da aka kashe wajen rarraba shi da tallata shi ya kai wajen dala miliyan 18. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa yawan ambaton fim ba shi ne ma'aunin ingancinsa ba. Wani lokaci ƙarfin aljihun mai shi ne ke magana.

Waɗanda suka kasance kan gaba a 2025

*One Battle After Another* na darakta Paul Thomas Anderson ya fito ranar 26 ga Satumban 2025. Leonardo DiCaprio ya fito a matsayin tsohon ɗan gwagwarmayar juyin juya hali da ya ɓuya shekara da shekaru, sai tsohon abokin gabarsa, wani hafsan soja da Sean Penn ya taka, ya dawo farautarsa, 'yarsa kuma ta ɓace. Fim ne mai gudu da ban dariya, amma ƙarƙashinsa akwai batun baƙin haure da tambayar abin da uba ke bar wa 'ya'yansa. Na manya ne, saboda zafin harshe da tashin hankali da wasu fitowa da ba su dace da yara ba.

*Hamnet* na Chloé Zhao shi ya lashe kyautar 'yan kallo a Toronto a 2025, kuma ya fara fitowa a Amurka a ƙarshen Nuwamban shekarar. An gina shi a kan littafin Maggie O'Farrell na 2020, game da mutuwar ɗan marubucin Ingila William Shakespeare, wanda ya rasu a 1596 yana da shekara 11. Labarin ya fi karkata ga uwar yaron, wadda Jessie Buckley ta taka, da yadda rashin ɗa ke girgiza aure. Duk iyayen da suka taɓa binne ɗa ba sa bukatar sanin Shakespeare kafin su gane abin da ake faɗa.

*A House of Dynamite* na Kathryn Bigelow, mace ta farko da ta lashe kyautar gwarzon darakta a 2010, ya shiga Netflix ranar 24 ga Oktoban 2025. An harbo makami mai linzami zuwa Amurka ba a san daga ina ba, jami'an gwamnati kuma ba su da ko minti 20 kafin ya sauka. Idris Elba ne shugaban ƙasa. Fim ne game da yadda ake yanke shawara a ofis idan bayanai ba su cika ba kuma lokaci ya ƙure.

*Frankenstein* na Guillermo del Toro ya biyo baya a Netflix ranar 7 ga Nuwamban 2025. Tushensa littafin Mary Shelley ne na 1818, labarin masanin kimiyyar da girman kai ya sa ya harhaɗa wata halitta daga sassan gawawwaki, sannan ya guje ta. Akwai jini da abin tsoro a ciki.

Kada kuma a manta da *Sinners* na Ryan Coogler, wanda ya fito tun Afrilun 2025 amma har kakar kyaututtukan ta zo sunansa bai sauka daga bakin masu sharhi ba. Labarin wasu tagwaye ne baƙaƙen fata a jihar Mississippi a 1932, inda waƙa da wariyar launin fata da dodanni masu shan jini suka haɗu a dare guda. Cikin jarumansa akwai Wunmi Mosaku, wadda aka haifa a Zariya kafin iyayenta su koma Ingila da ita tana ƙarama.

Muryoyin da suka fito daga wajen Hollywood

Mai neman abin da zai daɗe a zuciyarsa zai fi samunsa a rukunin fina-finan ƙasashen waje, inda kowace ƙasa ke aika fim ɗaya tak.

Tunisiya ta aika *The Voice of Hind Rajab* na Kaouther Ben Hania. Hind ƙaramar yarinya ce Bafalasɗiniya da ta maƙale a cikin mota tare da gawawwakin danginta a birnin Gaza ranar 29 ga Janairun 2024, tana waya da ma'aikatan agaji na Red Crescent tana roƙon a zo a ɗauke ta. Ba ta tsira ba, haka ma ma'aikatan motar asibiti biyu da aka aika mata. Fim ɗin ya tsaya ne a ɗakin karɓar kiran gaggawa, kuma muryar da ake ji ta Hind ce ta gaske. A Venice an shafe sama da minti 20 ana tafa masa a tsaye, ya kuma samu kyauta ta biyu mafi girma a bikin.

Faransa kuwa ta zaɓi *It Was Just an Accident* na Jafar Panahi, daraktan Iran da hukumomin ƙasarsa suka taɓa haramta wa shirya fim, suka kuma ɗaure shi. A ɓoye ya ɗauki wannan, kuma shi ya lashe Palme d'Or, babbar kyautar Cannes. Wani bakanike ne ya ji ƙarar ƙafar roba ta wani mutum, ya yi imanin cewa shi ne wanda ya azabtar da shi a kurkuku yana ɗaure da idanu. Ya sace shi, sai shakka ta shige shi: idan ba shi ba ne fa? Idan kuma shi ne, ramuwa ko afuwa?

Na uku ya fi kusa da gida. *My Father's Shadow* na Akinola Davies Jr. shi ne fim ɗin Najeriya na farko da ya shiga jerin zaɓaɓɓun fina-finan Cannes a hukumance. Yana bin wasu yara biyu maza da suka yi wuni guda a Legas tare da mahaifinsu da ba su cika gani ba, a daidai lokacin rikicin soke zaɓen 12 ga Yunin 1993. An fara nuna shi a gidajen sinima na Najeriya a Satumban 2025. Amma da yake da haɗin gwiwar kamfanonin Birtaniya aka shirya shi, Birtaniya ce ta miƙa shi ga Oscar da sunanta.

Ina matsayin fina-finan Hausa?

Sharaɗin wannan rukuni shi ne fiye da rabin maganganun fim su kasance ba da Turanci ba. Wannan ne ya kayar da *Lionheart* na Genevieve Nnaji a 2019, fim na farko da Najeriya ta taɓa aikawa. Tun daga nan harsunan gida suka samu daraja a idon kwamitin zaɓen. A 2020 an aika *The Milkmaid*, wanda akasarinsa da Hausa ne, kuma Maryam Booth na cikin jarumansa. A 2024 kuma aka aika *Mai Martaba*, labarin rikicin gadon sarauta da aka ɗauka a Daura, tare da Adam A. Zango.

Babu ɗayansu da ya kai matakin fina-finai 15 da ake tacewa kafin a fitar da biyar na ƙarshe. Ingancin aiki na da nasa rabo a wannan, amma tsarin da aka bayyana a sama ma na da nasa. Fim ɗin da bai bi ta manyan bukukuwa ba, ba shi da dillali a Amurka, ba shi kuma da kuɗin talla, da wuya masu ƙuri'a su ma san da zamansa. Duk da haka ƙofar ba a rufe take ga Afirka ba: *Tsotsi* na Afirka ta Kudu ya lashe kyautar a 2006, *Timbuktu* na Mauritaniya kuma ya kai biyar na ƙarshe a 2015.

Na hutu da na iyali

A ɓangaren neman kuɗin hutu, uku ne suka mamaye gidajen sinima a ƙarshen 2025. *Wicked: For Good*, kashi na biyu na labarin mayu biyu da ake rerawa da waƙa, ya fito ranar 21 ga Nuwamba, tare da Cynthia Erivo, 'yar Birtaniya da iyayenta 'yan Najeriya ne. *Zootopia 2*, zanen barkwanci na Disney game da birnin dabbobi, ya fito ranar 26 ga Nuwamba, kuma shi ne wanda aka yi domin yara kai tsaye. *Avatar: Fire and Ash* na James Cameron ya rufe shekarar ranar 19 ga Disamba. Na farkonsa, wanda ya fito a 2009, ya tara sama da dala biliyan 2.9, kuma har yau babu fim ɗin da ya kamo shi. Irin wannan ne kuɗin tikiti ke da hujja a kansa, domin an yi shi ne don babban allo. A kan wayar hannu rabin armashinsa ya tafi.

Waɗannan ranaku na Amurka ne. Manyan fina-finan kasuwa kan iso gidajen sinima na Najeriya kusan lokaci guda, ƙananan kuwa sau da yawa sai an jira su a manhajojin kallo.

Akwai abin lura ga iyaye: lambar yabo ba shaidar tarbiyya ba ce. *Anora* da ya zama gwarzo a 2025 labarin mai zaman kanta ne, cike da tsiraici. Alamar R a jikin fim na nufin ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba, PG-13 kuma gargaɗi ne game da 'yan ƙasa da 13. Duba alamar kafin a kunna wa yara bai kai minti ɗaya ba.

Muhimman ranakun kakar

Ranar 16 ga Disamban 2025 aka fitar da jerin fina-finan ƙasashen waje 15 da suka tsallake matakin farko. Ranar 11 ga Janairun 2026 aka yi bikin Golden Globes, ranar 22 ga wata aka sanar da 'yan takarar Oscar, sai bikin BAFTA na Birtaniya ranar 22 ga Fabrairu. A wannan kakar an ƙara sabuwar kyauta ga masu zaɓo 'yan wasan da suka dace da kowane matsayi, an kuma wajabta wa mambobi kallon dukkan fina-finan rukuni kafin su jefa ƙuri'ar ƙarshe a cikinsa, abin da a da ba dole ba ne a akasarin rukunonin.

An tsara bikin na 15 ga Maris na 2026 ya fara da tsakar dare agogon Najeriya da Nijar, kuma bisa lissafi ranar ta faɗo cikin goman ƙarshe na watan Ramadan.