Gida a Kan Taya Huɗu: Lissafin Iskar da Mutum Ke Shaƙa

Duk shekara idan watan Janairu ya kama, wani ɗan ƙaramin gari mai suna Quartzsite, a hamadar jihar Arizona ta ƙasar Amurka, yakan cika maƙil da motoci. Da yawa daga cikin masu motocin ba su da wani gida da za su koma, domin motar ita ce ɗakin kwana, ita ce madafa, ita ce kuma abin hawa. Sukan sayi motar ɗaukar kaya mai rufi, su kafa gado da risho da tankin ruwa a bayanta, su ɗora farantin sola a sama, shi ke nan sun tare.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Bob Wells. A shekarar 1995, bayan aurensa ya mutu, kuɗin haya ya gagare shi a birnin Anchorage na jihar Alaska, sai ya koma kwana a mota. Daga baya, a 2011, ya fara shirya taron shekara-shekara na masu irin wannan zama a Quartzsite. 'Yar jarida Jessica Bruder ta bi su ta rubuta littafin Nomadland a 2017, inda ta nuna cewa akwai tsofaffi da yawa a cikinsu waɗanda karayar tattalin arzikin 2008 ta raba da gidajensu. Fim ɗin da aka yi daga littafin ya ci kyautar Oscar a 2021.

Ɗalibin ilimin halittu kuwa, tambayar da ta dame shi daban ce: me ke faruwa ga jikin da aka rufe cikin akwatin ƙarfe dare ɗaya cur?

A ɗauki mota mai tsawon mita 3 a ciki, faɗi mita 1.8, tsayi mita 1.8. Idan aka ninka su, za a ga tana ɗauke da iska wajen lita 10,000. Kashi 21 cikin ɗari na wannan iska oksijin ne, wato lita 2,100. Baligi da ke hutawa yana amfani da kimanin lita 15 a awa, lita 120 ke nan a barcin awa 8. Ashe ko da an toshe kowace kafa, oksijin ba zai ƙare ba kafin gari ya waye. Matsalar tana wajen abin da huhu ke fitarwa. Mutumin nan yana fitar da kabon dayoksaid kusan lita 12 a awa, ya zama lita 96 da asuba, wato kusan kashi 1 cikin ɗari na iskar motar. A waje wannan iska ba ta wuce kashi 0.04 ba. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa iyakar rabin kashi 1 ga wurin da ake aikin awa 8, to ga mai barci ya ninka iyakar, in kuwa mata da miji ne sai a sake ninkawa. Babu motar da ke rufe ruf haka, iska na kurɗawa ta gefen ƙofofi, amma lissafin ya isa ya bayyana dalilin da wasu ke tashi da nauyin kai da kasala. Malami na iya ba 'yan aji wannan lissafi da awon ɗakin kwanansu na makaranta da yawan masu kwana a ciki. Amsar takan ba da mamaki.

Duk da haka kabon dayoksaid yana da sauƙi, domin jiki ya san shi. Idan ya taru a jini yakan ƙara masa tsami, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi ya ankara nan take, mutum ya fara haki ya nemi taga. Ɗan'uwansa kabon monoksaid ba ya ba da irin wannan sanarwa. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana samuwa duk inda gas ko fetur ko gawayi ya ƙone ba tare da isasshiyar iska ba, kamar risho ko abin ɗumama ɗaki da aka kunna a mota rufe. Himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, yana kama shi da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Saboda haka ɗan kaɗan a iska ya isa ya mamaye jini a hankali. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sau da yawa ya ɗauka mura ce ko gajiya. Mai barci ba ya jin komai. A Amurka fiye da mutum 400 ke mutuwa kowace shekara ta wannan hanya bisa haɗari, ban da na gobara. Wannan dai iskar ce ke hallaka iyalai a ƙasar nan idan aka kwana da janareta a zaure, ko aka shigar da kaskon gawayi ɗaki lokacin hunturu aka ja ƙofa. Mazauna mota masu hankali suna rataye wata 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan ta ji iskar, kuma ita ce kayan da ya fi kowane cancanta a fara saya.

Sai ruwa. Numfashi da fata suna fitar da tururi dare da rana, sa'an nan kilo 1 na gas ɗin furofen idan ya ƙone yana samar da ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi. Tururin nan na haɗuwa da ƙarfe mai sanyi ya zama raɓa, ta gangara bayan katako da ƙarƙashin katifa inda ido ba ya kaiwa. Nan funfuna ke kafa sansani, ƙwayoyin haihuwarta su tashi cikin iska su tayar wa mai asma ciwonsa. Maganin duka ukun ɗaya ne: fanka a rufin mota da ke zuƙo iska waje, da kafa a ƙasa da sabuwa za ta shigo. Abin da wuya a daren sanyi, domin ɗumin da aka sha wahalar tarawa yana bin iskar ya fice.

Zafi kuwa ya fi ƙarfin fanka. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 2005 ya nuna cewa motar da aka ajiye a rana zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri 22 a ma'aunin Salshiyos cikin awa 1, mafi yawansa a rabin awar farko, kuma ɗan buɗe gilashi bai canja komai sosai ba. Jikin mutum yana aiki a digiri 37, idan ya haura 40 ƙwaƙwalwa na cikin haɗari. A nan ne taya ke yin amfaninta. Duk hawan mita 1,000 zafin iska na raguwa da kimanin digiri 6.5, don haka kafin bazara ta kai Quartzsite sama da digiri 40, motocin sun watse. Wasu sukan nufi dazuzzukan da ke kewaye da garin Flagstaff, mai tudun mita 2,100, su zauna can har sanyi ya sake koro su hamada.