SUNA LINZAMI NE, KO DA NA FAYIL NE

Wasan baki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Taubasai kan yi wa juna ba'a, samari kan ɗura wa juna ashar a majalisa, a tashi iska ta kwashe. To, amma a intanet iska ba ta kwashe kome, balle idan batsar ta shiga cikin sunan da mutum ya raɗa wa hoto ko takarda, watau fayil, kafin ya ɗora shi a ma'ajiyar intanet.

Ma'ajiyoyin nan kowace da irin tata hanyar. Google Drive da Dropbox suna barin sunan yadda mai shi ya rubuta, duk wanda aka aika wa kuwa da sunan zai fara cin karo. Imgur, wanda aka kafa a 2009, yakan ba hoto adireshi na haruffa da lambobi barkatai. Shi kuwa 4chan, da ya soma a 2003, yana ajiye hoton da lamba, amma ya baje sunan asali a samansa, har masu shiga wurin suka mai da raɗin suna wani fagen barkwanci da batsa.

Mai karatu zai ce, me ya hana a sa na'ura ta tace munanan kalmomi? An gwada. A 1996 kamfanin AOL ya hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila yin rajista, don kawai haruffa huɗu a cikin sunan garin sun yi daidai da wata ashar ta Turanci. Na'ura haruffa take dubawa, ba ta san nufi ba. Matacin da aka cika da kalmomin Turanci kuma ina zai gane zagin Hausa?

Har ila yau, abin da ya fi damun masu ma'ajiya game da suna shi ne tsaro, ba kunya ba. A watan Mayun 2000 wata cutar kwamfuta daga Filifin ta kama miliyoyin na'urori, bayan ta ɓuya a cikin fayil mai sunan wasiƙar soyayya.

Saboda haka jama'a, nauyin yana wuyanmu. Hoton da aka raɗa wa sunan banza don abokai su yi dariya, gobe yana iya isa gaban suruki ko mai ɗaukar ma'aikata. A duba suna kafin a ɗora, domin magana zarar bunu ce.