Malam-Buɗe-Littafi a Farkon Damina

Ruwan farko ya sauka a Birnin Kudu da dare, bayan zafin bazara ya gallabi mutum da dabba. Kwana huɗu bayan haka muka yi sammako, mu da yara biyu na gidan da muka sauka, muka nufi wajen duwatsu. Ba mu riƙe kome ba sai wayar hannu mai ɗaukar hoto, da ɗan littafin rubutu, da gorar ruwa. A hanya muka gamu da wani dattijo da sungumi a kafaɗa. Bayan mun gaisa ya tambaye mu ina muka nufa. Da muka ce za mu kallon malam-buɗe-littafi ne, ya yi shiru, ya dube mu, sa'an nan ya ce, "To, 'ya'yana, Allah ya ba da sa'a. Mu dai shuka za mu."

Ba mu ga laifinsa ba. A wannan lokaci na shekara hankalin kowa yana kan iri da taki, bin ƙwaro kuwa aikin yara ne a ganin mutane. Amma muna so mu gaya wa masu karatu abin da muka gani, gama mun lura wannan kallo yana da amfani har ga manomi.

A ƙasashen Turai mutane sukan ƙosa su ga malam-buɗe-littafi na fari bayan sanyin hunturunsu ya wuce, su rubuta ranar da suka gan shi. Namu lokacin da ya yi kama da wannan shi ne farkon damina, watau wajen watan Mayu zuwa Yuni a kudancin Jihar Jigawa. Gaskiya ne sun fi yawa a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba. Amma a farkon damina ne aka fi samun sauƙin ganinsu, domin ciyawa ba ta yi tsawo ba, wuraren da ruwa ya kwanta kuma kaɗan ne, saboda haka sukan taru wuri ɗaya.

A gindin duwatsu

An san duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, saboda zanen shanu da mutanen dā suka yi a jikinsu, da kuma duwatsun da ke ƙara kamar kuge in an buga su. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Mu kuwa ran nan ƙasa muke dubawa. Inda ruwa ya gangaro daga dutse ya jiƙa yashi, nan tafasa ta fara tsirowa, a gefe kuma ga tumfafiya, wadda ba ta san rani ba.

A kan tumfafiyar muka ga na fari. Launinsa ruwan goro ne, bakin fikafikansa baƙi da ɗigo-ɗigon fari, fikafikan baya kuma farare. Tashinsa a hankali yake, kamar wanda ba ya tsoron kowa. Ashe yana da dalili. Tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, nonon tumfafiya kuwa yana da dafi. Dafin ba ya yi mata kome, sai ya zauna a jikinta har ta zama babba. Tsuntsun da ya taɓa cin ɗaya ya sha wuya, ba ya marmarin sake taɓa mai wannan launi. Masana suna kiransa Danaus chrysippus. Da yake a Hausa suna ɗaya muke kiransu duka da shi, yaran suka raɗa masa "ɗan tumfafiya", muka rubuta haka a littafinmu.

Muka juya ganyayen ɗaya ɗaya, muna kiyaye kada nonon ya taɓa mana ido, gama yana da haɗari ƙwarai. A ƙarƙashin wani ganye muka sami ƙwai guda, bai kai kan allura ba. A wani kuma ga tsutsar da kanta, mai zane-zanen fari da baƙi da ruwan ɗorawa. Yarinyar ta ja da baya, ta ce a kashe ta. Muka ce mata ta dakata. Wannan tsutsa za ta yi ta ci har ta ƙoshi, sa'an nan ta rataye kanta, ta rufu cikin wani ɗan kwanso kore mai ɗigon zinariya. Bayan kamar mako guda kwanson ya tsage, abin nan mai kyau da ke tashi a gabanmu ya fito. Daga ƙwai zuwa tashi, a irin zafinmu, wajen wata guda ne ko ƙasa da haka. Yarinyar ba ta yarda ba sai da muka yi alkawarin komawa tare da ita.

Akwai kuma wani mai wayo, Hypolimnas misippus. Namijinsa baƙi ne mai manyan tabo farare da shuɗi kewaye da su. Macen kuwa ta ari kamannin ɗan tumfafiya sak, ko da yake ba ta da dafinsa. Tsuntsaye sukan ƙyale ta saboda rigar aro. Mu ma ta ruɗe mu, sai da muka duba hoto da kyau daga baya muka gane ba shi ba ne.

Yadda muka koyi ɗaukar hoto

Ranar farko hotunanmu ba su yi kyau ba ko kaɗan. Mun ɗauki kamar hamsin, yawancinsu ganye ne kawai, mai ganyen ya riga ya tashi. Kuskurenmu shi ne binsu da muka yi ta yi. Wanda ya bi malam-buɗe-littafi da gudu, sai dai ya dawo da ƙaya a ƙafa.

Washegari muka sake dabara. Wannan ƙwaro ba ya iya tashi sosai sai jikinsa ya ɗumama, don haka da safe yakan zauna a kan ganye ko dutse, ya shimfiɗa fikafikai yana shan hantsi. Lokacin ɗaukar hoto ke nan, daga wajen ƙarfe 7 zuwa ƙarfe 9. In rana ta yi sama, ba ka samunsa zaune. Muka lura kuma da yawansu sukan komo kan reshen da suka bari. Sai muka zaɓi wuri, muka tsuguna, muka jira.

Inuwa ce babbar abokiyar gāba. Da inuwarka ta faɗa a kansa ya tafi, gama a wurinsa inuwa tsuntsu ne. Ka zagaya yadda inuwarka za ta faɗi gefe, ka matsa a hankali, ka miƙa hannu kaɗan kaɗan. Ka goge gilashin kyamarar tukuna, domin wayar da ke kwana a aljihu ba ta rasa maiƙo. Ka riƙe wayar daidai da shimfiɗar fiffiken, ba a karkace ba, ka taɓa hotonsa a fuskar wayar da yatsa don ta daidaita a kansa. Matsawa kusa ta fi jawo hoton daga nesa, gama jawowa takan sa hoto ya dushe. In da hali ka ɗauke shi a buɗe, ka kuma ɗauke shi a rufe, domin sau da yawa zanen ƙarƙashin fiffike ne ke nuna irinsa.

Yara sukan so su kama shi da hannu. Garin nan da ke maƙale wa yatsa ba ƙura ba ce, ƙananan ɓawo ne da aka jera a kan fiffiken kamar jinka, su ne launinsa. In sun goge ba su sake fitowa. Da yaron ya ga hoton da ya ɗauka da kansa, ya buɗe shi da yatsu biyu har ya ga bakin ƙwaron a nannaɗe kamar gammo, bai ƙara zancen kamawa ba.

Abu ɗaya kuma, farkon damina lokacin fitowar macizai da kunamu ne. A sa takalmi, kada a tura hannu ƙarƙashin dutse.

A bakin kogi a Gwaram

Mai masaukinmu ya ce in muna son ganinsu da yawa sai mu je inda shanu ke shan ruwa. Saboda haka a mako na biyu muka shiga mota zuwa Gwaram, wadda ke kudu maso gabas da Birnin Kudu, kusa da iyakar Jihar Bauci. Muka fara zuwa gaida mai unguwa, muka gaya masa abin da ya kawo mu. Wannan wajibi ne. Baƙo da ke yawo da waya a ɗage a bakin kogi, inda mata ke wanki, yana neman rigima ne in bai nemi izini ba.

A mashaya, inda yashi ya jiƙe da ruwa da fitsarin shanu, muka tarar da su sun yi cincirindo, farare da masu ruwan ɗorawa, fikafikai a tsaye kamar an kakkafa ganye. Gishirin da ke cikin danshin suke tsotsa, yawancinsu kuma maza ne. Manyan fararen su ne Catopsilia florella, waɗanda tsutsarsu ke cin tafasa da rai-ɗore. A nan ba a bukatar dabara mai yawa. Mun kwanta rubda ciki a kan yashi, muka ɗauki hotunan da suka fi kowanne kyau a tafiyar.

Muna nan sai ga wani magidanci ya gangaro da famfon feshi a bayansa, zai wanke shi a wannan kwatamin. Muka gaisa, muka roƙe shi ya ɗebi ruwa ya wanke can nesa, inda ba zai gangaro cikin mashaya ba. Ya yi dariya, ya ce, "Malam, saboda waɗannan? Ai su ne ke haifo tsutsar da ta cinye mini masara bara."

Wannan magana ita ce ta sa muka rubuta wannan labari, gama mutane da yawa haka suke zato. Tsutsar nan mai shiga zuciyar masara, tana barin kashi kamar dusar katako, ba 'yar malam-buɗe-littafi ba ce. Uwarta wata faɗa-wuta ce mai ruwan toka da ke tashi da dare. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, a shekarar 2016 aka fara ganinta a Afirka, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen farko da ta ɓulla. Ana gane ta da wani zane mai kama da gwafa a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe a kusa da wutsiya. Bambanta iyayen ma ba wuya. Malam-buɗe-littafi da rana yake yawo, in ya sauka yakan ɗaga fikafikansa sama, 'yan ƙahonninsa kuma suna da kai kamar ashana. Faɗa-wuta yawanci da dare take fita, takan kwantar da fikafikanta a bayanta.

Ba za mu ce dukansu ba su da laifi ba. Akwai wani babba, baƙi mai tabon ruwan ɗorawa, Papilio demodocus, wanda tsutsarsa ke cin ganyen lemo. Tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, in ta girma ta koma kore, in ka taɓa ta kuma ta fito da wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta, mai wari. Takan iya tsige ɗan dashen lemo tas. Amma mai 'yan itatuwa a gida ba ya bukatar magani, sai ya bi da safe ya tsince su da hannu. Ba ma cewa kada manomi ya kāre gonarsa. Abin da muke roƙo shi ne ya duba tukuna ya san abin da yake kashewa, ya fesa inda cutar take, ya bar gefen gona da bakin ruwa. Maganin da ya kashe waɗannan shi ne ke kashe ƙudan zuma, shanun da suka sha a wurin kuma nasu ne ko na maƙwabta. Mutumin ya daɗe yana duban hoton tsutsar tumfafiya a wayarmu. Bai ce ya yarda ba, amma ya ɗebi ruwa a bokiti ya hau tudu.

Abin da ya sa muke rubuta rana da wuri

Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Torben Larsen, ya wallafa babban littafi a 2005 a kan malam-buɗe-littafi na Afirka ta Yamma, ya lissafa iri kusan 1,500. Nijeriya kaɗai tana da fiye da 1,000, mafi yawansu a kurmin kudu. Namu na arewa ba su kai haka yawa ba, masu rubuta labarinsu kuma kaɗan ne. Dattawa a Gwaram sun gaya mana dā sun fi haka yawa, kafin a sare itatuwa a yi gawayi, kafin kuma maganin ciyawa ya shigo. Mun gaskata su, amma magana ce ta baki. Hoto mai rana da sunan wuri da sunan tsiron da aka same shi a kai, shi ne shaidar da za a iya dubawa bayan shekara ashirin. Wanda ke da intanet yana iya sa nasa a iNaturalist, inda masana ke taimakawa da sunan iri. Wanda ba shi da ita, littafin makaranta ya isa.

Kada a raina irin wannan shaida. Akwai wani ɗan madaidaici mai ruwan goro da baƙi, Vanessa cardui, wanda ke ƙetare hamadar Sahara daga Turai ya sauka a ƙasashe irin namu a ƙarshen damina. Ya hayayyafa, zuriyarsa kuma su sake nufar arewa, har su kai Turai bayan sanyi ya wuce. A watan Oktoba na 2013 wani masani ɗan Sifen, Gerard Talavera, ya tsinci waɗansunsu a bakin teku a Giyana ta Faransa, can Kudancin Amurka, fikafikansu duk sun yage. Bincike ya ɗauki shekara goma. A 2024 aka bayyana cewa daga Afirka ta Yamma suka tashi, suka ƙetare Tekun Atlantika, tafiyar kilomita 4,200 ko fiye, iska tana taimakonsu.

Shi wannan ba mu gan shi ba a tafiyarmu, gama lokacin zuwansa da saura. Mun dai cika alkawarin da muka yi wa yarinyar. Da muka koma gindin tumfafiyar nan a Birnin Kudu, tsutsar ba ta nan, sai kwanso a rataye, ya riga ya tsage, ba kome a ciki. Ta ɗauki hotonsa da kanta, ta rubuta ranar. Ɗan'uwanta kuma ya ja layi a sabon shafi, ya rubuta "Oktoba" a samansa, ya bar shi fari.