Tafiyar Ayari Zuwa Tafkunan Kan Tsauni: Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani Kafin Yara Su Kama Hanya

A makon da ya gabata wata hajiya da ta saba sayen maganin hawan jini a wurinmu ta shigo da 'yar takarda a hannu. 'Yarta da ke karatu a birnin Houston na Amurka ce ta turo saƙo: ƙungiyar ɗalibansu ta shirya tafiyar ƙafa zuwa wasu tafkuna a kan tsaunukan jihar Colorado, kuma tana so a haɗa mata 'yan magunguna a ba wani mai tafiya ya kai mata. Abin da ke cikin takardar bai wuce Panadol da filasta da man zafi ba.

Na ce, "Hajiya, yarinyar nan AA ce ko AS?"

Ta dube ni da mamaki. "'Yar nan, yawon buɗe ido za ta je fa, ba aure za a ɗaura mata ba. AS ce kamar babanta, amma ko ciwon kai ba ta cika yi ba."

Wannan amsa ce ta sa na ga ya dace mu tattauna batun a filinmu na wannan mako, domin gidaje da yawa yanzu suna da ɗa ko ƙani ko jika a ƙasashen waje, kuma irin wannan tafiya tana cikin abubuwan da ake fara gayyatar baƙo idan lokacin zafi ya shigo.

Yadda tafiyar take

Daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da dusar ƙanƙara ta narke a kan tsaunukan yammacin Amurka, makarantu da ƙungiyoyin masu sha'awar daji da kamfanonin yawon buɗe ido sukan tara mutane ayari-ayari, su haɗa su da ɗan jagora, a taka da ƙafa zuwa tafkunan da ke kwance a tsakanin duwatsu. Ruwan garau yake, har ana hango tsakuwar da ke ƙasa, ga furanni, ga sanyin iska. Ga wanda ya shekara tsakanin aji da ɗakin kwana, motsa jiki ne mai amfani ga zuciya da hankali, don haka ba hana kowa nake yi ba.

Sai dai yawancin tafkunan suna cikin dazuzzukan da doka ta keɓe. A shekarar 1964 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta ware wasu yankuna domin a bar su yadda Allah ya halicce su: ba a gina titi, ba a shiga da mota ko babur, har keke an hana. A yau faɗin irin waɗannan yankuna ya haura eka miliyan 100. A wasunsu ma an ƙayyade girman ayari. A dajin Indian Peaks na Colorado, misali, ba a yarda a wuce mutum 12 ba.

Abin da wannan ke nufi ga lafiya a fili yake. Idan wani ya faɗi a can, babu motar asibiti da za ta iso gare shi, sau da yawa kuma wayar hannu ba ta kamawa. Sai dai ya sauko da ƙafarsa, ko a ɗauko shi, ko a jira masu ceto na tsawon sa'o'i.

Tsayin da babu irinsa a ƙasarmu

Ayarin 'yar hajiya zai bi hanyar da ta yi suna a gandun daji na Rocky Mountain, wadda ke tashi daga tafkin Bear, ta ratsa tafkin Nymph da tafkin Dream, ta ƙare a tafkin Emerald. Zuwa da dawowa bai kai kilomita 6 ba, wato tafiyar da ɗan makaranta ke yi ba tare da ya lura ba. Amma inda ake ajiye mota kaɗai yana da tsayin kusan mita 2,900 daga doron teku, tafkin Emerald kuma ya ɗan haura mita 3,000. Mu kwatanta: Jos da muke kukan sanyinta tana kan kimanin mita 1,200, kuma Chappal Waddi a jihar Taraba, wanda shi ne tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Houston kuwa, kamar Legas, kusan daidai da doron teku take.

A tsayin mita 3,000, kowane numfashi yana shigar da iskar oksijin da ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Jiki yana iya sabawa, amma yana buƙatar kwanaki. Wanda ya sauka daga jirgi ranar Juma'a ya hau tsauni ranar Asabar bai ba shi wannan damar ba.

Ciwon tsauni yakan fara ne daga mita 2,500 zuwa sama, galibi sa'o'i 6 zuwa 12 bayan isa wurin. Alamominsa ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala, rashin sha'awar abinci da rashin barci. Ba ruwansa da ƙarfin jiki. Ɗan ƙwallo na iya kamuwa, tsohuwa ta tsira. Ƙa'idarsa guda ce: wanda ya fara jin alamun kada ya ƙara hawa, idan kuma ba su lafa ba ya sauko. Idan mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko magana ta rikice masa, ko yana haki alhali a zaune yake, ko tari ya zo da kumfa, to ruwa ya fara taruwa a ƙwaƙwalwa ko a huhu. Wannan na iya kisa, kuma maganinsa na farko a sauko da shi nan take, ko da dare ne.

Inda maganar ta shafe mu kai tsaye

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Mun saba jin cewa AS ba cuta ba ce, sai dai a kiyaye wajen aure, kuma a rayuwar yau da kullum haka ne. Amma idan oksijin ya yi ƙaranci, ga gajiya, ga ƙishirwa, jajayen ƙwayoyin jinin mai AS ma suna iya lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Gaɓar da ta fi shiga hatsari ita ce saifa, wadda ke gefen hagu a ƙarƙashin haƙarƙari. Idan jini ya daina isa wani sashe nata, sashen yakan mutu.

Abin ya taɓa faruwa a idon duniya. A shekarar 2007 Ryan Clark, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Pittsburgh Steelers, ya buga wasa a birnin Denver, wanda tsayinsa kimanin mita 1,600 ne kawai. Mai AS ne. Bayan wasan ciwo ya turnuƙe shi, har sai da likitoci suka cire masa saifa da madaciya. Ya warke ya koma fili, amma daga baya ƙungiyarsa ta riƙa ajiye shi a benci duk lokacin da za ta yi wasa a Denver.

Kada wannan ya tayar da hankalin kowa fiye da kima. Mafi yawan masu AS suna hawa tsauni su sauko lafiya. Matsalar ita ce, idan abin ya zo, ana ɗaukarsa kartar ciki ko olsa, a ba mutum magani a ce ya daure. Ɗan jagora ya san hanya, ya san yanayin sama, yawanci kuma an koya masa taimakon gaggawa, amma wataƙila bai taɓa jagorantar mai AS ba. Shi ya sa fom ɗin lafiya da ake cikewa kafin tafiya ba wurin kunya ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A rubuta, a kuma faɗa masa baki da baki: idan na ce gefen hagu na cikina yana ciwo, ko ciwon ya harba zuwa kafaɗar hagu, ko na fara amai, a sauko da ni a kai ni asibiti.

Mai SS ko SC kuwa, kada ya sa ƙafa a irin wannan tafiya sai likitan da ke duba shi ya amince.

Jakar magani

Ga abin da muka haɗa wa 'yar hajiya, da abin da na ce ta nema a can:

Parasitamol domin ciwon kai. Ibuprofen ma yana aiki, amma ba ga mai olsa ko ciwon ƙoda ba, kuma ba a kan yunwa ko ƙishirwa ba.

Garin gishiri da sukari na ORS. Iskar tsauni busasshiya ce kamar ta hunturu, ruwa na fita daga jiki ta numfashi ba tare da an ga gumi ba. A riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, a kuma duba fitsari: idan ya yi duhu, ruwan bai isa ba.

Filasta da bandeji da safa mai kauri. Sabon takalmi shi ne ke kawo bororo, don haka a fara yawo da shi tun mako biyu kafin tafiya.

Man kare fata daga rana, da hula da tabarau. Hasken rana mai ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa. Masu shan doxycycline, ko don ƙuraje ko don rigakafin maleriya, su ƙara kula, domin yana sa rana ta fi cin fata.

Akwai maganin rigakafin ciwon tsauni mai suna acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox. Akan ba babba miligiram 125 safe da yamma, a fara kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu, kuma lemon kwalba yakan canza ɗanɗano a baki. Likita ne ke rubuta shi, kuma dole a sanar da shi idan ana da ciki, ko ciwon ƙoda, ko jiki ya taɓa ƙin magani irin Septrin. A lura: ba shi ne kariyar saifar mai AS ba. Kariyarta hawa a hankali, da shan ruwa, da rashin takura wa jiki.

Abin da na hana shi ne maganin barci da tramadol da kodin. Suna rage ƙarfin numfashi a wurin da jiki ke neman ƙari, ban da matsalar da za su jawo wa mai ɗauke da su a filin jirgi.

Mai asma ya sa abin shaƙarsa a aljihu, ba a ƙasan jaka ba. Mai ciwon suga ya riƙe dabino ko alewa, domin doguwar tafiya na saukar da suga. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa, ya kuma ga likita kafin ya tashi.

Ruwa, sanyi da tsawa

Kyawun ruwan tafki ba shaidar tsabtarsa ba ne. Dabbobin daji da mutane suna barin ƙwayar cuta mai suna jiyadiya, wadda ke kawo gudawa mai wari da kumburin ciki mako ɗaya zuwa biyu bayan an sha, lokacin da an riga an manta da tafiyar. A tafi da ruwa daga gida, ko a tace da matacin da aka yi don haka, ko a tafasa. A kan tsauni ruwa yana tafasa tun bai yi zafin da muka sani ba, don haka daga mita 2,000 zuwa sama a bar shi yana tafasa minti 3.

Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne, ko a watan Yuli. Wanda ya yi tsalle ya faɗa ciki, sanyin na sa shi jan numfashi ba da son ransa ba, kuma haka gwanayen iyo ke nutsewa. Mai alwala ya ɗebi ruwa a gora ya matsa gefe. Masu kula da dajin sun ce sabulu da biyan buƙata su kasance aƙalla mita 60 nesa da ruwa.

Zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, don haka a ɗauki rigar sanyi da ta ruwa ko da gari ya waye da rana. A watannin Yuli da Agusta hadari kan haɗu da rana tsaka a tsaunukan Colorado, ya zo da tsawa. Shi ya sa jagoran kirki ke tayar da ayari tun da asuba, ya juyo da shi kafin azahar. Idan ya ce a koma, a koma, ko da tafkin na gaban ido. Haka nan, ranar hawa ba ranar azumin nafila ba ce.

Tambayoyin da za a yi wa masu shirya tafiya

Mita nawa ne tsayin inda za a kai, kuma a ina za a kwana kafin nan? Mutum nawa ne a ayarin, jagora nawa? Akwai wanda zai raka mutum idan ya ce zai sauko? Suna da na'urar kiran agaji da ke aiki inda waya ba ta kamawa? Inshorar lafiyar ɗalibi ta haɗa da irin wannan tafiya? Waɗannan tambayoyi suna da amfani ga masu niyyar hawa Chappal Waddi a gandun Gashaka-Gumti, da masu harin Kilimanjaro mai mita 5,895, har ma da matasan da ke hawa duwatsun Abuja ranar Asabar, duk da cewa su zafi da ƙishirwa ne abokan gabarsu.

Hajiya ta kira 'yarta a gabana, muka yi magana. Mun tsaya a kan cewa za ta riga ayarin isa da kwana biyu, ta kwana a Denver, sannan a garin Estes Park da ke kan kimanin mita 2,300, ta ga likitan makaranta kafin ta tashi, ta kuma shaida wa jagoran nau'in jininta. Da ta yi ƙorafin cewa ƙawayenta za su ce ta cika tsoro, mahaifiyarta ta ce, "Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba."

Idan akwai mai shirin irin wannan tafiya a gidanku kuma bai san ko AA ne ko AS ba, gwajin ba shi da wahala, kuma ana yin sa a yawancin asibitoci da ɗakunan gwajin jini. A yi shi kafin a sayi takalmi. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.